A Horad da Mai Riƙe Littafin Asibiti Kafin a Sayi Na'ura

 Duk wanda ya daɗe cikin ƙungiyar gama kai ya san cewa ba rashin ruwan sama ne ya fi kashe ƙungiyoyinmu ba. Rashin magatakarda mai kula ne. Idan ba a rubuta wanda ya karɓi taki buhu biyu da wanda ya biya rabin bashinsa ba, ranar rabon riba sai a tashi baram-baram. Wannan abin da muka sani a gona shi nake so mu duba a wajen asibiti, gama a kwanakin nan gwamnati tana yawan zancen sa aikin lafiya cikin kwamfuta, kuma kuɗin da za a kashe namu ne.

A shekarar 2023, sa'ad da cutar mashaƙo ta yi tsanani a Kano, wani ɗan ƙungiyarmu a nan Dakata ya kai yaronsa wani ƙaramin asibiti da zazzaɓi da ciwon wuya. Ni na raka shi. Tambaya ta fari da aka yi masa ita ce, an yi wa yaron allurar riga-kafi ta cika? Ya ce, "Malam, an yi, amma ban san ko sau nawa ba." An haifi yaron a ƙauye, aka fara allura a can, sai uban ya sami aiki a wani kamfani a Bompai suka dawo birni. Katin kuwa yana cikin akwati a ƙauye, gara ta cinye shi. Muka aika a duba babban littafin ɗakin shan magani na can, aka ce wanda yake rubutawa ɗan sa-kai ne, ya gaji da aiki ba albashi ya tafi, littafin wannan shekara kuma ba a san inda ya shiga ba. Allah ya tashi kafaɗar yaron. Amma ƙannensa biyu, tilas aka sake musu allura daga farko, domin ba wanda ya iya cewa ga inda aka tsaya. Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu a wannan annoba, mafi yawansu kuwa yara ne waɗanda riga-kafinsu bai cika ba. Da littattafan suna nan daidai, da tun kafin cutar ta zo an san unguwannin da aka bari a baya.

Bari in bayyana yadda labarin majinyaci yake tafiya, domin da yawa muna tsammani katin nan na karɓar kuɗi ne kawai. Kowane ƙaramin asibiti yana da littattafai: na masu zuwa kullum, na awon ciki, na haihuwa, na riga-kafi. Ƙarshen wata sai a ƙirga, a cika takardar jimla, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar cikin wani tsarin kwamfuta da ake kira DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙiro, Nijeriya kuma ta ɗauke shi domin ƙasa duka. Da wannan lissafi ake duba inda za a aika magani da gidan sauro da ungozoma. Wato idan yarinyar da ke ɗakin kati ba ta iya aikin ba, ko kuwa babu ita sam, sai malamin asibiti ya zauna daren ƙarshen wata ya cika takarda da ka. Kwamfutar Abuja ba ta san ƙarya ba. Abin da aka ba ta shi za ta haɗiye.

To, akwai kuɗin horo? Akwai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu domin kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, wajen naira biliyan 55. Dokar ta raba shi: rabi domin biyan kuɗin magani ta hanyar inshora, kashi 20 na magunguna da allurai, kashi 15 na gyaran gini da kayan aiki, kashi 5 na jinyar gaggawa, kashi 10 kuma domin horad da ma'aikata. Bayan wannan, a ƙarshen 2023 an buɗe shirin koya wa matasa miliyan 3 aikin kwamfuta, a 2024 kuma aka soma sake horad da ma'aikatan lafiya 120,000. Ban raina ko ɗaya ba. Abin da nake tambaya shi ne, cikin wannan duka nawa ne ya sauka a kan mai riƙe littafi a ƙaramin asibitin ƙauye?

Abin da idona ya gani cikin yawon aiki shi ne taron bita. A kira shugaban asibiti birni kwana uku, a ba shi abinci da kuɗin mota da na'ura sabuwa fil, ya dawo ya kulle ta a durowa domin kada ta ɓace a ce ya biya. Wanda yake rubutun kullum ba a kira shi ba, gama sunansa ba ya cikin takardar albashi. Mu malaman gona ba baƙi ba ne ga wannan. Mun ga injin ban ruwa da aka raba ba tare da an koya wa kowa gyaransa ba, ga su nan sun yi tsatsa a bakin fadama.

Kuma ba makaranta aka rasa ba. Tun 1989 akwai hukumar da ke yi wa jami'an ajiye bayanan asibiti rajista a ƙasar nan. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da makarantar wannan aiki inda ake ba da difiloma. Yara suna gamawa, amma da yawa suna zaune ba aiki, ko suna aikin sa-kai shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su. Wasu kuma ƙungiyoyin ƙasashen waje ne suke biyansu, shi ya sa a 2025 da Amurka ta yanke yawancin taimakon da take bayarwa, ayyuka da dama suka tsaya cik. Horon da ba a haɗa shi da albashi ba kamar shuka ce a gonar aro.

Amurka ɗin ma sai da ta bi ta kan mutane. A 2009 ta yi dokar mai da takardun asibiti cikin kwamfuta, ta ware wajen dala miliyan 118 domin horad da ma'aikata kaɗai. Kaso mafi girma ta ba ƙananan kwalejoji na garuruwa, fiye da 80, su koyar da kwas na wata shida ga mutanen da yawancinsu sun riga sun san aikin asibiti ko na kwamfuta. Ba mu da kuɗinsu, amma dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba: gajeren kwas, kusa da gida, ga wanda hannunsa yake cikin aikin.

A nan Kano ma mun ga amfanin haka. Lokacin yaƙi da shan inna, tun wajen 2012, an koya wa masu ɗiga riga-kafi yawo da wayar da ke nuna inda suka taka. Sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka sun bayyana waɗanda ba sa cikin taswirar da aka zana da hannu. Yaranmu ne suka yi wannan aiki, ba Turawa ba. A watan Agusta 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu noman rani a gefen birni. Rafin Getsi yana kwaso ruwan kamfanonin Bompai ya zuba a Jakara, da shi kuwa ake ban ruwan latas da alayyafo da karas. Can kudu, ruwan majemun fata na Sharada da Challawa yana gangarawa kogin Challawa. 'Yan ƙungiyoyinmu da ke tsayawa cikin wannan ruwa suna kukan ƙaiƙayi da tsagewar ƙafa da ciwon ciki. Masana na jami'a sun sha auna ruwan sun sami guba irin ta ƙarfe a ciki. Amma in ka tafi gaban hukuma ka ce mutanenmu suna ciwo, za a ce maka, su nawa? Daga wace unguwa? Tun yaushe? Nan bakinka zai mutu. Ma'aikacin da aka horar sosai, wanda zai rubuta sana'ar majinyaci da inda lambunsa yake, cikin shekara ɗaya zai ba mu amsar da koke-kokenmu na shekara goma ba su ba mu ba.

Na san wani dattijo zai ce, Malam, asibitin da ba shi da maganin zazzaɓi, ba wuta, ina ruwansa da kwamfuta? Gaskiyarka, Baba. Shi ya sa ban ce a fara da na'ura ba. A fara da mutum da biro da littafi mai tsabta. Wanda ya iya littafi, ranar da na'ura ta zo mako biyu ya ishe shi. Kuma sau da yawa rashin maganin kansa daga rashin lissafi yake, gama an aika da yawa inda ba a bukata, an hana inda ake mutuwa.

Tsoro na biyu ya fi nauyi a wurina. In ɗan unguwa ne yake riƙe littafi, asirin mutane fa? Wadda ta yi ɓari, da wanda gwaji ya nuna yana da cuta mai karya garkuwar jiki, ba sa so a ji a bakin rijiya. Dokar 2014 ta hana tona bayanin majinyaci, amma doka ba ta ɗaure harshe. Wannan ma dalili ne na yin horo na ƙwarai maimakon bitar kwana uku, kuma a nan ikkilisiya tana da abin bayarwa, domin mun san yaran da suke da riƙon amana.

Ɗakunan shan magani na ikkilisiya kuwa kada a manta da su. Tun 1973 asibitocin Kirista suka haɗu cikin ƙungiyar CHAN, a Garkiɗa kuma a shekarun 1970 ikkilisiya ta fara koya wa mutanen ƙauye aikin lafiya su koma su yi wa garinsu hidima. Muna jinyar Kirista da Musulmi ba bambanci. Idan ba a kira ma'aikatanmu wurin horo ba, majinyatanmu ba za su shiga lissafin jiha yadda ya kamata ba, sai a ga kamar ƙauyukan nan ba kowa. Laifin wani ɓangare namu ne, gama wasu ɗakunanmu ba sa aika takardar wata.

Ga abin da nake roƙo. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, tsarin asusun nan kuwa shi ne a tallafi aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Gwamnati ta ɗauki nauyin horad da mutum ɗaya daga kowace mazaɓa, ta rubuta masa takardar ɗaukar aiki tun ranar da ya shiga makaranta, shi kuma ya sa hannu zai zauna shekara uku a wurin. Mu kuma kowace ƙungiya ta tura wakili cikin kwamitin ci gaban mazaɓa, ya tambayi wanda yake cika littafin asibitinmu, ko an horar da shi, da wanda yake biyansa. Ƙungiyar da take da ɗan rara bayan girbi tana iya biya wa yaro ɗaya kuɗin fam da na zangon farko, kamar yadda muke haɗa kuɗin taki. Ƙungiyarmu ta Dakata ta sa maganar cikin ajandar taron wata mai zuwa, kuma mun roƙi kowane memba ya zo da katin riga-kafin 'ya'yansa domin magatakarda ya kwafe kwanakin allura a bayan littafin ƙungiya.