Kakan Sam Mendes Ya Samu Jika, Namu Fa?

 

A 2019, da aka saki tallan fim ɗin nan mai suna 1917, da yawa daga cikinmu masu son finafinan yaƙi muka zuba ido muna ƙirga kwanaki. An fara nuna shi a wasu sinimomin Amurka ranar 25 ga Disamba, 2019, sannan ya isa Ingila ranar 10 ga Janairu, 2020. Daraktansa shi ne Sam Mendes, wanda ya yi Skyfall da Spectre na James Bond, mai riƙe da kyamara kuwa Roger Deakins ne, dattijon da ya yi suna a harkar ɗaukar hoto.

Labarin bai da tsawo. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya a arewacin Faransa, sai aka kira wasu samarin sojojin Ingila biyu masu igiya ɗai-ɗaya, Schofield da Blake, aka damƙa musu wasiƙa su kai wa wata runduna da ke shirin kai hari da asuba. Jamusawa sun ja da baya, ita rundunar tana ganin gudu suka yi, alhali tarko aka ɗana mata. Idan wasiƙar ba ta isa a kan lokaci ba, mutum 1,600 za su faɗa tarkon, cikinsu har da yayan Blake. Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne yadda aka ɗauki fim ɗin: an tsara shi ta yadda mai kallo zai ga kamar ba a yanke kyamara ba, tana biye da yaran nan ta cikin ramuka da taɓo da waya mai ƙaya har inda ƙafarsu ta tsaya.

Muna da dalilin ɗoki. Amma mu da muke koyon rubutu, akwai abin da ya kamata ya fi tsaya mana a rai fiye da gwanintar kyamara, wato inda labarin ya samo asali.

Sam Mendes ya faɗa a hirarraki da dama cewa daga bakin kakansa, Alfred Mendes, ya tsinci irin da ya shuka. An haifi Alfred a tsibirin Tirinidad a 1897, ya shiga sojan Ingila yana matashi. Da yake gajere ne, shi ake aika wa da saƙo tsakanin ramuka, domin hazon da ke kwanciya a filin daga yakan ɓoye shi. A watan Oktoba na 1917 ya yi wani aiken a Beljiyam wanda ya sa aka ba shi lambar yabo. Ya yi shekaru da yawa bai ba da labarin yaƙin ba, sai da ya tsufa ya fara buɗe baki ga jikokinsa. Abin da jikan ya riƙe tun yana yaro shi ne yadda tsohon yake yawan wanke hannu, domin har tsufansa yana jin kamar taɓon ramukan nan bai fita ba. Alfred ya rasu a 1991. Shekara 28 bayan haka, sai ga jikansa ya tara duniya ta zauna ta kalli abin da ya tsiro daga hirar da aka yi a tsakar gida.

To, a wannan watan na Oktoba 1917 da Alfred ke gudu da saƙo a Beljiyam, ina kakanninmu suke? Wasunsu suna gabashin Afirka, a ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, sanye da kakin Sarkin Ingila. Rundunar Nijeriya ta isa can a ƙarshen 1916 domin yaƙar sojojin Jamus da Lettow-Vorbeck ke jagoranta. A daminar farkon 1917 ruwa ya yanke musu hanyar abinci a bakin kogin Rufiji, yunwa ta kai wasu ga tonon saiwoyin daji. Daga ranar 15 zuwa 18 ga Oktoba suka gwabza a Mahiwa, ɗaya daga cikin faɗace-faɗace mafi muni a wannan fagen, aka kashe da yawa, aka raunata da yawa. Kafin nan sun yi yaƙin Kamaru, a Garwa da Mora, daga 1914 zuwa 1916. Yawancin waɗannan sojoji daga arewa aka ɗebo su, kuma Hausa ce harshen bariki. Littafin da aka fi sani kan tafiyarsu ta gabashin Afirka wani hafsa Bature ne, W. D. Downes, ya rubuta shi a 1919, da Turanci, da idon mai ba da oda.

Sai kuma Yaƙin Bama, wanda ya fi kusa da mu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun kwashi dubun dubatar samari, aka bi da su ta teku zuwa Indiya, daga nan zuwa dazuzzukan Bama domin yaƙar Japanawa. Sun yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944, sun shiga Myohaung a Janairun 1945. Har yau sunayen suna nan a gabanmu: barikin Kalapanzin a Kaduna sunan wani kogi ne a Bama, barikin Chindit a Zariya sunan rundunar da wasu daga cikinsu suka yi aiki a cikinta ne, a Akara kuma akwai Burma Camp. Kullum muna wucewa ta ƙofar waɗannan wurare, ba mu tambayi daga ina sunan ya fito ba. Sa'adu Zungur ya yi wa waɗanda suka dawo waƙar Maraba da Soja. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya je Bama, ya rubuta Burma Boy a 2007, tauraronsa wani yaro ne mai suna Ali Banana, amma da Turanci ya rubuta. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a cikin ɗaruruwan littattafan da muke karantawa a WhatsApp da Wattpad, nawa muka ci karo da su da ɗan Bama a ciki, ko da a matsayin kakan tauraruwa ne?

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce yaƙin na Turawa ne, me ya haɗa mu da shi? Wannan rundunar da ta je Mahiwa ai ita ce wadda Lugga ya kafa a 1897, ita ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ita ta murƙushe Satiru a 1906, kuma akwai Hausawa a cikin masu harbin. Da yawa daga cikin waɗanda suka je Bama ba da son ransu suka je ba, hakimai da dagatai aka ɗora wa nauyin kawo samari. Albashinsu bai kai na Bature ba, kuɗin sallamarsu ma haka, ga bulala. Don me za mu ɗaukaka wanda ya ɗauki bindiga domin mai mulkin mallaka?

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya sa labarin ya cancanci a rubuta shi. Ba kirari muke cewa a yi wa kowa ba. Saurayin da dagaci ya miƙa domin ubansa ba shi da abin fansarsa, wanda bai taɓa ganin teku ba sai ranar da aka sa shi a jirgi, wanda ya yi azumi a dajin da bai san alƙibla ba, ya dawo ya tarar an ɗaura wa budurwarsa aure da wani domin an ɗauka ya mutu, wane marubuci ne zai ce babu labari a nan? Ga soyayyar da muke so, ga cin amana, ga tsoro, ga tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi: shi jarumi ne, ko bawa ne, ko duka biyun? Dubi Chari Maigumeri, wanda ya fara da sojan Jamus a Kamaru, daga baya ya koma na Ingila har ya kai samanja, ya je Bama, yanzu akwai bariki da sunansa a Lakwaja. Rayuwar mutum ɗaya, tuta biyu, babu tasa a ciki. Idan mun ƙi rubuta irin wannan domin ba ya yi mana daɗi, to mun bar shi a hannun hafsoshin da suka rubuta nasu tun 1919.

Idan za mu kalli fim ɗin, mu kalle shi da idon ɗalibi. Talla takan yi zaƙi fiye da kaya, don haka ba mu yanke masa hukunci tun yanzu ba, kuma mu sani labarin Ingila ne, Ingila za ta haska. Amma akwai darasi a tsarinsa tun kafin a gan shi. Yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka, Mendes da abokiyar rubutunsa Krysty Wilson-Cairns sun matse shi ya koma mutum biyu, wasiƙa ɗaya, da wa'adin asuba. Mu kuwa sau da yawa idan muka ɗauko tarihi, sai mu fara da shafi goma na bayanin sarakuna da shekaru, mai karatu ya gudu kafin ya haɗu da mutum. A ba wa tauraro aike guda, a ba shi lokacin da zai ƙare, a sa wani nasa a cikin haɗarin. Sannan a nemo ƙaramin abu irin wanke hannun nan, domin shi ne ke zama a zuciyar mai karatu bayan ya manta sunan janar.

Irin wannan ƙaramin abu ba a samunsa a intanet, a bakin tsofaffi yake. Waɗanda suka je Mahiwa duk sun riga mu gidan gaskiya. 'Yan Bama da suka rage sun haura shekara 90, kuma kullum raguwa suke yi. Amma 'ya'yansu suna nan, wasu matansu ma suna nan, kuma su suka san wanda ba ya iya barci idan ana tsawa, da wanda ya dawo da wata kalma ta Indiyanci da ake tsokanarsa da ita har ya mutu, da wanda ya ajiye lambarsa a ƙasan adaka bai taɓa fito da ita ba. Kowannenmu yana da waya mai naɗar murya a aljihu. Kowa ya nemi dattijo ɗaya a danginsa ko unguwarsa, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya nemi izini, ya tambaye shi ko akwai mazan jiya a gidansu. A rubuta sunan garin da aka ɗauke shi, da shekarar in an tuna, da abin da ya zo da shi, da abin da ya ƙi faɗa. Ko shafi ɗaya aka samu, a kawo mu karanta tare, mu gyara wa juna.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar alƙalami. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.