LAMBAR MUTUM A KAN NAIRA ƊARI: INA MAFITA GA MUTANEN SABO DA AKINYELE?

A cikin watan Maris na 2024 wata ƙungiyar 'yan jarida masu bin diddigi da ke Ikko, wadda ake kira FIJ, ta tona asirin wani shafin intanet mai suna XpressVerify, inda duk mai Naira 200 ke iya sa lambar katin ɗan ƙasa ta wani, watau NIN, a fito masa da sunan mai ita da hotonsa da inda yake zaune. Ƙurar wannan ba ta gama lafawa ba sai ga ƙungiyar Paradigm Initiative a watan Yuni ta gano wani shafin, AnyVerify, wanda shi Naira 100 ma yake karɓa. Don kada a yi musu gardama, sai 'yan ƙungiyar suka biya suka sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, da ta Dokta Vincent Olatunji, shugaban hukumar da aka kafa musamman don tsare irin waɗannan bayanai.

Hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ta ce babu wanda ya fasa rumbunta. Amma binciken farko da Hukumar Kare Bayanai, NDPC, ta yi a kan XpressVerify ya nuna alamar cewa ɓarakar ta fito ne daga wajen wani kamfani da aka ba izinin tantance lambobin jama'a, wanda mabuɗinsa ya kai hannun waɗanda ba su da izini. Ko ta ƙofa aka shiga ko ta taga, ga mai lambar duk ɗaya ne. Wanda aka sace wa mabuɗin shago sai ya sayo sabon kwaɗo, amma NIN da lambar banki ta BVN guda ɗaya ake ba mutum, da su zai zauna har ƙarshen ransa.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Badun fiye da yadda da yawansu ke zato. Tun da aka kafa Sabo a 1916 cinikin Bahaushe a wannan gari a kan amana yake tafiya. Mai shanu ya sauka wajen maigidansa, dillali ya haɗa shi da mahauci, a ba da sa bashi ba tare da takarda ba, kuɗi kuma su fito a kan lokaci domin kowa ya san kowa. Yanzu kuɗin sun koma cikin waya. Dillalin karar Akinyele, da mai tumatir da albasa a kasuwar Sasa, da ɗan canji a Sabo, duk ta banki ake biyan su, ta banki kuma suke aika wa iyali a Sakkwato ko Katsina. Sai dai tsohuwar amanar ta biyo su inda ba ta da mai tsaro. Mutum ya miƙa wa mai POS katinsa, ya faɗa masa lambar sirri da baki saboda shi bai iya latsawa ba. Wani ya ba yaron shago takardar NIN ya yi masa hoto, ragowar kofen ya kwana a kwandon shara. Maigida a kara yana da wanda zai kama in an ci amana, amma kamfanin da ke Ikko wanda bai taɓa ganin fuskar mutum ba, wa zai kamo shi?

Amsar tana cikin Dokar Kare Bayanai wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023. Sashe na 40 ya ce duk kamfanin da bayanan jama'a suka kuɓuce masa, in abin zai iya cutar da su, tilas ne ya sanar da NDPC cikin awa 72 daga lokacin da ya sani, in kuma haɗarin babba ne ya sanar da masu bayanan su kansu ba tare da ɓata lokaci ba, cikin magana mai sauƙin ganewa. Dokar ta ba mutum ikon tambayar kowane kamfani abin da ya ajiye game da shi da wanda ya miƙa wa, da ikon sa a gyara kuskure ko a goge abin da ba a bukata. Sashe na 46 ya buɗe ƙofar kai kuka ga hukumar. Babban kamfani da aka samu da laifi ana iya cin sa tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. A watan Agusta na 2024 hukumar ta yanke wa bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya ce bai yi laifi ba. Abin lura a nan shi ne mutum ɗaya ne ya tayar da maganar, ya kai kuka a 2023 cewa an buɗe asusu da sunansa ba da yardarsa ba. A watan Yuli na 2025 kuma aka yanke wa MultiChoice, masu DStv, fiye da Naira miliyan 766.

To, amma kada jin miliyoyin nan ya ruɗi kowa. Tara ta gwamnati ce, ba ta shiga aljihun wanda aka cuta. Gaskiya ne hukumar tana da ikon umartar kamfani ya biya diyya, sashe na 51 kuma ya ce wanda ya yi asara zai iya zuwa kotu ya nema da kansa, amma ko ta wace hanya sai ya nuna asarar da hujja. Tun kafin wannan doka, a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke nan Badun, a shari'ar da wata ƙungiyar lauyoyi ta yi da NIMC, ta ce kare bayanan mutum yana cikin haƙƙin sirri da sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Masu ƙarar ba su yi nasara a kan abin da suka je nema ba, amma wannan magana ta zauna, lauyoyi suna kafa hujja da ita. Ko a Amurka ma, inda kamfanin Equifax ya yi sakaci aka kwashe bayanan mutum miliyan 147 a 2017, sai a 2019 aka daidaita a kan biyan abin da zai iya kai Dala miliyan 700, kuma waɗanda suka ajiye shaidar asararsu su ne suka fi samun abin kirki. Saura ɗan abin da bai taka kara ya karya ba suka samu.

A nan ne Bahaushen Kurmi yake da rauni, domin shi bai saba rubuta kuka ba. In an kwashe masa kuɗi sai ya je banki ya yi ta magana da mai gadi da ma'aikacin kanta, a ce masa ya dawo jibi, ya gaji ya ce ya bar wa Allah. Barin wa Allah abu ne mai kyau, amma a wajen banki kukan da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ita ce a fara kai kuka ga bankin da abin ya shafa a rubuce, a karɓi lambar shaida, in mako biyu ya wuce ba a warware ba sai a ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Saboda haka kada a goge saƙonnin da suka shigo waya, a nemi takardar shige da ficen asusu, a riƙe kofen wasiƙar da hatimin banki a kai. Wanda aka karɓi bashi ko aka buɗe asusu da sunansa ya kai rahoto ga 'yan sanda a ba shi takarda, domin sojan gona da sunan wani laifi ne a Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, kuma wannan takarda ce za ta wanke shi ranar da aka zo kama mai sunan.

Kafin a kai ga duk wannan, abin da ya fi gaggawa shi ne layin waya. Wanda ya sayi bayanan mutum a kan Naira ɗari bai riga ya taɓa kuɗinsa ba, abin da ya rage masa shi ne lambar sirri da layin. Shi ya sa zai bugo waya, sau da yawa da Hausa tsantsa, ya faɗi sunan mutum da ranar haihuwarsa da BVN ɗinsa daidai, sa'an nan ya ce a karanto masa lambar da aka turo yanzu. Sanin waɗannan abubuwa ba shaida ba ne cewa daga banki yake, kuma babu bankin da ke tambayar lambar sirri ta waya. Wanda layinsa ya ɗauke haka kawai, alhali na maƙwabta na aiki, kada ya jira gobe, mai yiwuwa wani ya sabunta layin da sunansa. Bankuna suna da lambar da ake latsawa daga kowace waya a rufe asusu nan take. Ya kamata kowa ya tambayi tasa ya rubuta ya ajiye a wani wuri dabam da wayar, ya kuma sa wa layin kansa lambar kulle, ba wa wayar kaɗai ba.

Akwai kuma waɗanda ke sayar da kansu da hannunsu. A watan Yuli na 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa wajen 12,000 da ke yawo suna biyan mutane Naira 1,500 zuwa 2,000 a kan NIN da BVN da hoto, su je a buɗe asusun damfara da su. Ɗan dako ko mai tura baro da ya sauko daga motar shanu jiya zai ga kuɗin abinci ne ya samu a banza, alhali kuwa sunansa ne zai fito ranar da aka bi sawun kuɗin sata.

Kuɗin lauya ya fi ƙarfin mai kwando biyar na tumatir, wannan ba a musu. Amma Sabo da Sasa da kara suna da abin da mazauna wasu unguwanni ba su da shi: Sarkin Sabo, da Sarkin Sasa, da ƙungiyoyin dillalai da na masu kayan gwari waɗanda ke karɓar kuɗin mako. Kai kuka ga NDPC ba ya bukatar lauya, magatakardan ƙungiya da ya iya Turanci ya isa ya rubuta. In mutum ashirin na kamfani ɗaya suka sami matsala iri ɗaya, aka tara sunayensu da ranaku da adadin kuɗi aka ɗauki lauya guda daga asusun ƙungiya, amsar da za a ba su ba irin wadda ake ba mutum ɗaya a bakin ƙofar banki ba ce. Ƙungiyoyin nan sun daɗe suna ɗaukar lauya a kan haraji da motar da aka tsare a hanya, abin da ya rage shi ne su buɗe littafi na waɗanda aka taɓa wa asusu.