Tarihin Mace a Fim Bai Fara da Turmin Danya Ba

Akwai kuskuren da ya zama jiki ga masu nazarin Hausa, daga jami'o'in Kano da Zariya har zuwa matasanmu na nan Akebe a Libreville. Da zarar an ce a kawo tarihin mata a fim, sai a fara daga Turmin Danya na 1990, kamar kafin nan babu macen ƙasashenmu da ta taɓa tsayawa gaban kyamara. Wannan lalaci ne a bincike.

Zalika Souley, haifaffiyar Yamai a 1947, ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane, Le Retour d'un aventurier, tun 1966. Ta fito a Cabascabo na Oumarou Ganda, wanda aka nuna a Cannes a 1969, da Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Sau da yawa matsayin karuwa ko muguwar kishiya ake ba ta, jama'a kuwa suka kasa raba wasa da mai wasa, suka ɗora mata halin da ta kwaikwaya. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, talauci ya kai ta aikatau a ƙetare. Ta rasu a 2021.

A 1966 ɗin nan ne Donyale Luna, mai tallan tufafi daga Detroit, ta zama baƙar mace ta farko a bangon mujallar Vogue ta Ingila, kafin ta shiga fim ɗin Fellini a 1969. Turawa sun yi sakaci da ita, daga baya suka koma suna tono tarihinta. Ita ma Zalika, Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, Al'lèèssi. Ɗalibai nawa aka nuna wa shi?

Za a ce ai finafinanta na Zabarmanci ne, ba fagenmu ba. Hujjar ba ta da ƙarfi. Kishi da auren dole da Ganda ya ɗauka su ne jigogin da Kano ta ɗauka daga baya, kuma ƙyamar da ta bi Zalika ita ce har yau ke maƙale da kalmar "'yar fim" a bakinmu. Ɗalibin da zai rubuta kundi kan 'yan wasan Kano mata, ya fara da Yamai, ya kalli Le Wazzou polygame tukuna.