Ku gida za ku dawo, yaranku kuwa baƙunta za su zo

Duk mai yawo a TikTok da Instagram ya san irin bidiyon nan. Falo cike da kwalaye, uwargida na naɗe labule, maigida ya ɗora akwati a kan sikeli yana addu'ar kada ta wuce kilo 23, a ƙasa an rubuta "mun kusa dawowa gida". Mu kuma sai mu yi ta zuba "Allah ya kawo ku lafiya" da "a taho mana da tsaraba". A can gefen hoton galibi akwai ɗan yaro mai shekara huɗu ko biyar, rungume da abin wasansa, yana kallon yadda ake kwance gida ɗaya tilo da ya sani a duniya. Ba wanda ke tambayar halin da yake ciki, alhali tafiyar nan shi ta fi shafa.

Dalilan dawowar ba ɓoyayyu ba ne. Tun watan Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai 'yan ƙasashen waje zuwa da iyalansu, a watan Maris na shekarar kuma ta yi haka ga masu aikin kula da tsofaffi. Bizar da ake samu bayan kammala karatu tana da wa'adi, idan ya cika ba a samu wurin aikin da zai tsaya wa mutum ba, sai haɗa kaya. Faɗuwar Naira tun 2023 ta sa kuɗin da ake turowa daga gida ya zama kamar an zuba ruwa a rariya. A Saudiyya kuwa, tun 2017 ake biyan kuɗi kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi, daga Riyal 100 a wata har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku ke nan Riyal 1,600 duk wata, ba a yi maganar haya ba. Akwai kuma waɗanda ba abin da ya kore su, su suka ga iyaye sun tsufa, ko suna son yaran su tashi cikin dangi. Duk waɗannan dalilai ne masu ƙarfi, kuma duk dalilan manya ne.

Uban da ya tashi a Fagge ko Tudun Wada, ko ya yi shekara goma a Manchester, da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano jikinsa zai gane iskar. Ya san ƙarar janareto, ya san yadda ake ciniki da mai adaidaita, ya san wanda ake durƙusa wa. 'Yarsa da aka haifa a can ba ta san ko ɗaya ba. Ƙawarta ta makaranta, malamar da take so, wurin lilon da ake kai ta ranar Asabar, duk za a bar su rana ɗaya. Iyaye suna cewa "za mu koma", ita kuwa ba ta taɓa zuwa ba balle ta koma. Idan ba a fahimci wannan bambancin ba, sai a yi ta yi wa yarinya faɗa don ba ta murna.

Ku dubi yadda watanni ukun ƙarshe ke kasancewa a irin waɗannan gidaje. Uwa ta dawo daga aikin dare, ta kai babban makaranta, ta zauna tana ɗaukar hoton gado da firji don sayarwa a Facebook. Uba na kan waya da mai kwantena, daga nan sai magini a Kano da ke cewa siminti ya ƙara kuɗi, sai ƙanwa da ke tuna masa wayar da ya yi mata alkawari. Ana cikin haka ƙaramin ya tashi ya ga wani baƙo ya fita da kekensa. Sai rigima ta ƙaru a gida. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wadda ke kwana ita kaɗai ta ce sai a gadon Mama. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin taurin kai, su kai hannu. Tsoro ne kawai, yaro bai da bakin da zai faɗa.

Maganin abin bai da tsada. A faɗa wa yaro gaskiya da wuri, gwargwadon hankalinsa. A nuna masa ranar a kalanda, a bar shi ya riƙa ƙirga kwanaki. A ba shi kwali guda ya cika da abin da ya ga dama, ko da tsummokaran da ke ba ku haushi ne, kada kuma a sayar da kayansa a bayan idonsa. Lokacin barci da na cin abinci su tsaya yadda suke, ko da an koma kwana a katifa a ƙasa. A kai shi ya yi sallama da abokansa. Mu da kanmu idan za mu yi tafiya sai mun zaga dangi gida-gida, to me zai sa a ɗauke yaro kamar jaka?

Akwai wata al'ada da ya kamata a daina tun yau: yi wa yaro barazana da gida. "Ka ci gaba, zan tura ka Najeriya ka ga yadda ake yi." Shekara uku kana nuna masa ƙasarsa a matsayin gidan horo, sannan ranar da tikiti ya fito kana so ya yi tsalle. Haka kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su ce masa can komai daɗi ne, Kaka za ta ba ka duk abin da kake so. A gaya masa akwai zafi, a watan Afrilu ya kan haura digiri 40 a Kano. A gaya masa ana ɗauke wuta, akwai sauro, akwai kuma 'yan uwa cike da gida da ba zai taɓa rasa abokin wasa ba, akwai hawan Sallah da dawakai da ba a nuna masa a zanen katun ba.

Sai harshe, wanda shi ne babban jarin. Yaron da ya iya gaisuwa da amsawa, ya san "ina kwana", "lafiya lau", "na gode", "ina jin yunwa", ya riga ya samu ƙofar shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wata shida na Hausa a wajen cin abinci da kiran bidiyo da kakanni zai yi aiki fiye da yadda ake zato. Tare da harshen a koya masa abin da ke bayansa. A makarantar Ingila an koya masa kallon babba cikin ido idan yana magana, a gidan Baffa wannan rashin kunya ne. Bai san ba a miƙa abu da hannun hagu ba, bai san ba a kiran Gwaggo da sunanta ba. Bai san wasan jika da kaka ba, idan Hajiya ta ce "wannan mijin nawa ko cefane ba ya bayarwa, na sake shi", sai ya fashe da kuka. Taubasai kuma za su tsokane shi, a wurinsu zumunci ne, shi kuwa zai ɗauka tsana ce. Waɗannan duk a kan tabarma ake bayaninsu, tun kafin a hau jirgi.

Lafiya ma ba abin wasa ba ce. Yaron da bai taɓa zama inda ake zazzaɓin cizon sauro ba jikinsa bai san cutar ba, kuma tana iya kayar da shi cikin kwana biyu. Iyayen su ma kariyar da suka tashi da ita tana raguwa bayan shekaru a waje. A ga likita kafin tafiya, a yi rigakafin shawara ga wanda ya kai wata tara, a taho da littafin rigakafin yaro a jakar hannu, kada a jefa shi cikin kwantenar da za ta yi makonni a teku da tashar Apapa. Gidan sauro ya riga talabijin shiga ɗaki. Wanda ke da zaɓin lokaci ya yi tunani kafin ya sauke jariri a tsakiyar damina. Ga batun makaranta kuma, zangon farko a nan da can duk a watan Satumba yake farawa, don haka mai dawowa a hutun ƙarshen shekara ya sauƙaƙa wa yaransa. A je a zauna da malamai, na boko da na Islamiyya, a yi maganar bulala a fili, domin yaron ya fito daga inda doka ta hana duka a makaranta.

Na san abin da wasu za su ce: yara ne, za su saba, mu wa ya yi mana wannan lallaɓawar? Gaskiya ne suna sabawa, sau da yawa ma sun fi iyayen saurin kama gari. Amma sabo iri biyu ne. Akwai yaron da ya saba ya ƙaunaci wurin, akwai wanda ya yi shiru kawai yana jiran ya girma ya gudu. Idan dalilin dawowar shi ne yaro ya san asalinsa, to wane riba aka ci idan abin da ya fara sani shi ne dariya da zazzaɓi da bulala?

A nan maganar ta iso kanmu, mu da ke gida da waya a hannu. Mu ne ƙannen iyayen nan, mu ne Kawu da Anti da Yaya. Mu ne kuma ke kunna kyamara mu ce wa yaro "ce ƙuli-ƙuli", ya faɗa a karkace, a sheƙe da dariya, a ɗora a intanet don a samu mabiya. Wallahi wannan ba wasa ba ne. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu ba zai sake buɗe baki da Hausa ba, daga baya kuma mu ne za mu ce yana da girman kai, mu laƙaba masa "Bature" ko "ɗan Makka". Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, to ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Bai zo cin arzikin kowa ba, gidansu ya zo. Hoton ɗan wani kuma ba a yaɗa shi sai da izinin iyayensa.

Su ma iyayen mu rage musu kaya. Tambayar "me ya faru kuka dawo?" da jerin sunayen masu jiran tsaraba suna sa mutum ya kashe kuɗin makarantar zango biyu a kan turare da wayoyi, don kada a ce ya dawo hannu rabbana. Wanda ya dawo da iyalinsa lafiya bai faɗi ba. Mai son taimakawa ya je ya duba musu makaranta, ya tabbatar an feshe ɗaki an ɗaura gidan sauro, ya gyara famfo. Ranar da suka iso kuma, kafin ka tambayi jakar da ke da sunanka, durƙusa daidai tsawon yaron nan, ka gaishe shi a hankali, ka faɗa masa ko kai wane ne a wurinsa. Idan ya amsa da gurguwar Hausa, ka ce masa madalla, ka mayar da wayarka aljihu.