ZAUREN IYALI: A Fitar da Yara Bayan Gari

 A wannan wata ina so mu yi shawara a kan inda muke koya wa yaranmu, gama mun kulle su cikin ɗaki, alhali kuwa Allah ya shimfiɗa musu babbar makaranta a bayan gari.

Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana aikin fari da aka ba Adamu, watau noman gona da kiyaye ta, da raɗa wa dabbobi da tsuntsaye suna. Sarki Sulemanu ma, cikin hikimarsa har da sanin itatuwa da kifaye, a duba 1 Sarakuna sura 4. To, yau fa? A tara yara goma a Bebeji ko Kiru, a nuna musu ganyen marke da na maɗaci da na kirya, a ga ko nawa za su rarrabe. Yaron da bai san sunan itace ba, ran da masu gawayi suka sare shi ba zai ji an yi masa hasara ba.

Mu mutanen kudancin Kano ba mu da hujja. Ga Dajin Falgore da ya ratsa ƙasar Tudun Wada da Doguwa, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan Kogin Kano. Ga tafkin Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ga na Bagauda. Ga duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza. Amma kada wani ya ɗebi yara ya shiga Falgore da ka. Ɓarayin shanu sun taɓa mai da dajin maɓoyarsu, har a 2017 sojoji suka kafa wurin horo a ciki. Sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan daji. Bakin tafki kuma a tsaya a tudu, saboda nutsewa da ciwon tsargiya.

Ni a ganina ba sai an nemi mota ba ma. Gindin ɗorawar da ke bayan majami'a ya isa a fara. Sai dai yawo kaɗai ba ya koyarwa. Abin da ke sa ilmi ya zauna shi ne yaro ya yi wani abu da hannunsa. Ba shi gawayi da bayan kwali, ka ce ya zana gawo. Dole ya tsaya ya duba, nan ne zai lura gawo yana da ganye kore shar da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, da damina kuwa ya tsaya tsirara. Sai ya tambaya, don me? Sa'an nan tsohon manomi ya gaya masa dalilin da ya sa gero yake yin kyau a gindinsa: ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa sun zama taki. Wannan darasi ba zai fita kansa ba har ya tsufa.

Haka nan yumɓu. Wanda zai gina balbela sai ya san tsawon wuyanta. 'Yan mata su tattara karan dafi da ganyen baba, su ga yadda kakanninsu suka sami ja da shuɗi ba tare da sayen komai ba. 'Yan maza su yi motar kara da keji. Masu murya su tsara waƙar yabo da sunayen itatuwan garinsu, Zumuntar Mata ta sa mata ganga. Kada malami ya gyara wa yaro zanensa, ko da shamuwarsa ta fito kamar agwagwa.

Wani dattijon ikkilisiya zai ce, ai wannan wasa ne, yaranmu kullum suna daji wajen kiwo da itace. Gaskiya ne, Baba, amma mai neman itacen girki gatari ne a idonsa. Ba wanda ya taɓa ce masa zauna ka duba. Ubangijinmu kansa ya yi koyarwa a bakin teku da kan dutse, yana misali da tsuntsaye da furanni da ƙwayar mustad.

Ga roƙona ga kwamitin kowace ikkilisiya. A keɓe Asabar ɗaya a wata, daga bayan kaka zuwa kafin zafin bazara. Shugabannin Birged na maza da na mata su riƙe tsari, babba ɗaya ga yara goma. A sanar da mai unguwa, a nemi izinin mai gona. A gayyaci tsoho ko tsohuwa da ta san itatuwa, ko Kirista ce ko ba Kirista ba, a girmama ta da goro. 'Ya'yan maƙwabta da suka biyo, in iyayensu sun yarda, kada a kore su. A tafi da ruwan sha, kowane yaro da takalmi saboda ƙaya da kunama. Abin da suka yi kuwa a jera shi a ƙofar majami'a ran Lahadi, kowane da sunan mai shi.