Hayar kwana a Lamashegu: doka tana nan, amma wa aka ɗinka wa ita?

Wanda ya shigo Tamale ta hanyar Kumasi, Lamashegu ce ke fara tarbarsa: shataletale, kasuwa, garejin makanikai, da gidajen haya masu tsakar gida ɗaya. A bayan manyan titunan kuma wani irin gini yana ƙaruwa, mai doguwar katanga, tankin ruwa a sama, na'urar sanyaya ɗaki a jikin bango, amma babu allon suna a ƙofa. Ba otal ba ne, ba kuma gidan haya irin wanda muka sani ba ne. Ɗaki ne ko gida sukutum da ake bayarwa na kwana biyu, uku ko mako, da gado da tukunyar gas da talabijin. Wasu na kan Airbnb ko Booking.com. A nawa lura, waɗanda ake samu ta WhatsApp, Facebook, TikTok da bakin dillali sun fi yawa, kuma wannan ne ya sa lissafinsu ke da wuya ga hukuma.

Mu 'yan zango bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Ita kalmar zango ma ai masaukin ayari ce. A zamanin fataucin goro, lokacin da Salaga ke tashe kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwarta, maigida shi ke sauke fatake, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya kuma tsaya musu in rigima ta taso. Abin lura a wancan tsari shi ne baƙo yana da mai amsa sunansa. In ya yi ɓarna, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Hayar kwana ta yau ta ɗauki saukar baƙo da karɓar kuɗi, ta yar da wannan ɗaukar alhakin. Mai gidan yana Accra ko ma Jamus, kuɗi na shigo masa ta MoMo, makulli na hannun wani yaro.

Dalilin bunƙasar abin ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2021 ta ba wa yankin majalisar birnin Tamale mutum 374,744, ban da Sagnarigu da aka yanke daga cikinsa a 2012. Ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, ga jami'ar UDS da asibitin koyarwa, ga masu wucewa zuwa gandun dajin Mole da masallacin Larabanga, ga masu zuwa bikin Damba. Tun 2016 alhazai ke tashi kai tsaye daga filin jirgin Tamale, an kuma buɗe sabon ginin filin a 2023. Ƙara da 'yan uwanmu mazauna Turai da Amurka, waɗanda in sun zo biki ko ta'aziyya suka fi son wurin da za su rufe ƙofarsu. Kasuwa dai akwai ta.

To, me doka ta ce? Mutane da yawa na ɗauka cewa babu doka. Akwai, har ma ta yi yawa. Dokar yawon buɗe ido ta 2011, wato Act 817, ita ta kafa Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana, GTA, kuma ƙa'idojin 2016 (L.I. 2239) sun wajabta wa mai sauke baƙi don kuɗi ya yi rajista ya karɓi lasisi. Hukumar ta sha faɗin cewa masu Airbnb na ciki. Akwai kuma harajin kashi 1 cikin ɗari da baƙo ke biya zuwa asusun raya yawon buɗe ido. Wannan ɓangaren gwamnatin tsakiya ke nan, kuma GTA na da ofis a Tamale.

Ɓangare na biyu na majalisar birni ne, kuma shi ne aka fi mantawa. A ƙarƙashin dokar tsara amfani da filaye ta 2016 (Act 925) da dokar ƙananan hukumomi ta wannan shekarar (Act 936), majalisa ce hukumar tsara gari a yankinta. Filin da aka ware don zama, ba a mayar da shi wurin kasuwanci sai da izinin sauya amfani. Bayan haka ga takardar izinin gini, takardar hukumar kashe gobara, binciken duba-gari, izinin gudanar da kasuwanci da ake sabuntawa duk shekara, sannan hukumar haraji ta GRA na jiran nata kason.

A nan ne matsalar take. Wannan jerin takardu an tsara shi ne da mai otal a zuciya, mai akawu da lauya. Ɗauki gwauruwar da mijinta ya bar mata gida a Lamashegu, ta gyara ɗakuna biyu don ta riƙa biyan kuɗin makarantar yara. Takardar da ke hannunta wataƙila ita ce ta rabon fili daga fadar sarki, domin a Dagbon yawancin ƙasa na hannun sarakuna ne, kuma ba kowa ya kai takardarsa Hukumar Filaye aka yi masa cikakkiyar yarjejeniya ba. Gidan kuma an gina shi ɗaki-ɗaki cikin shekaru, ba zane, ba izini. Ranar da ta je neman lasisi, tambayar farko ita ce takardar izinin gini. Ka ga ke nan zuwa yin rajista ya zama kai ƙarar kai. Wa zai je? Sai ta yi shiru, hukuma ma ta yi shiru, har ranar da wani ya zo da jan fenti ya rubuta a bango cewa a kawo takarda. Mun kuma san yadda irin wannan ziyara ke ƙarewa a wurare da dama.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a ƙyale kowa ya yi yadda ya ga dama, domin akwai waɗanda ke biyan kuɗin wannan shirun, kuma ba su ne ke cin ribar ba.

Na farko ɗan haya. Dokar haya ta 1963 (Act 220) ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema. Shi ya sa a Janairun 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin rancen kuɗin haya, kuma yankin Arewa na cikin wuraren da aka fara. Yanzu mai gida ya samu wata hanyar. Misali kawai: a ce ciki da falo na kawo sidi 600 a wata, a ce kuma in an sa masa gado da na'urar sanyi za a biya 300 a dare. Kwana biyu sun biya wata. Ko an cire wuta, ruwa, wanki da dararen da ba kowa, mai gida zai yi tunani. Ba sai ya kori kowa da faɗa ba. Ya jira kuɗin haya ya ƙare, ya ce zai yi gyara. Malamin makaranta ko nas da ke zaune kusa da aiki sai ya koma bakin gari, ya ƙara kuɗin abin hawa a kan kuɗin haya.

Na biyu ruwa. Tamale na shan ruwan da ake tacewa a Dalun daga kogin White Volta, kuma ya daɗe bai wadatar da garin ba. Unguwanni kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, famfo bai kawo ba. Baƙon da ya biya kuɗin dare ba zai saurari wannan bayani ba, don haka mai gida zai sa manyan tankuna da injin ja, ko ya sayi tanka ko nawa ne. Maƙwabci mai jarka ne ke ji a jikinsa. Na kasa gane yadda za a ba da izinin sauya amfanin gida a Tamale ba tare da an tambayi inda ruwansa zai fito ba.

Na uku shi ne sanin wanda ya kwana. A Janairun 2024 kisan wasu mata biyu a irin waɗannan gidaje a Nairobi ya tilasta wa hukumomin Kenya tsaurara rajista da duba katin shaida. Ba sai mun jira irin wannan ba, ga katin Ghana Card a hannun kusan kowa. Akwai kuma abin da iyaye ke faɗa a ƙasa-ƙasa: gidan da ba mai tsaro, ba mai tambaya, a tsakiyar unguwar da yara ke wasa a ƙofa, wani lokaci abin da ake yi a ciki ba saukar baƙo ba ne. Wannan koke gaskiya ne, ko da yake ba na so ya zama hujjar da wasu matasa za su riƙa fasa ƙofar mutane da sunan gyara tarbiyya. Aikin hukuma ne.

Wasu za su ce a yi koyi da manyan birane. New York ta fara aiwatar da dokarta a Satumban 2023, inda hayar ƙasa da kwana 30 sai mai gida na ciki kuma baƙi ba su wuce biyu ba. Barcelona ta sanar a 2024 cewa za ta soke lasisin gidaje kusan 10,000 zuwa ƙarshen 2028. Landan ta sa iyakar dare 90 a shekara. Amma waɗannan birane suna da rajistar gidaje da adireshi, kuma suna iya matsa wa kamfanin intanet ya ba su bayanai. Wa zai ƙirga dare 90 a gidan da ake kamawa ta WhatsApp? Abin da za a ɗauka daga New York shi ne bambancin da ta yi tsakanin mai gidan da ke zaune tare da baƙonsa da wanda ba ya nan. Wannan kuwa tsohon tsarin maigida ne na zango.

A ganina majalisar birnin Tamale na da ikon yin dokar cikin gida da za ta raba abin gida uku. Mai ɗaki ɗaya ko biyu a gidan da yake zaune: rajista mai sauƙi, kuɗi kaɗan, abin kashe gobara, littafin baƙi, tare da wa'adin daidaita takardun gininsa ba tare da tara ba. Mai ba da gida sukutum alhali ba ya gari: dole ya ajiye wakili mai suna da lambar waya da maƙwabta da wakilin unguwa a majalisa suka sani. Mai ɗakuna shida, takwas ko goma kuwa otal yake yi, ya bi layin masu otal, ya nemi izinin sauya amfani, a kuma ji ta bakin maƙwabta kafin a sa hannu. Masu ƙananan gidajen baƙi da ke biyan lasisi da haraji duk shekara suna da gaskiya in sun ce ana yi musu rashin adalci. Gidan haya mai tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya kuma, ni dai ban ga dalilin da zai sa a yarda a sa baƙon kwana a cikinsa ba sai da amincewar sauran mazauna.

Sai dai ko majalisar Tamale ta yi nata, in ta Sagnarigu ba ta yi irinsa ba, aikin rabi ne, domin unguwanni irin su Jisonayili da Kanvili, inda baƙi masu kuɗi suka fi sauka, suna wancan ɓangaren. Fadar Lamashe-Naa da sauran sarakunan da ke raba filaye su ma dole a zauna da su, tunda a wurinsu ake fara sanin wanda ya karɓi fili da abin da ya ce zai gina. Kowace shekara majalisa na zama ta tsayar da kuɗaɗen izini da na lasisi na shekara mai zuwa, kuma ana gayyatar ƙungiyoyin 'yan kasuwa su faɗi ra'ayinsu. Masu otal za su je, suna da ƙungiya. 'Yan haya na Lamashegu da Sabonjida da Zangon Hausawa ba su da ita, sai dai in limamai, sarakunan zango da wakilan unguwa sun ɗauki maganar sun kai ta wurin.