Jiragen Alhazai: A Duba Taya, Ba Takarda Kaɗai Ba

Duk shekara idan aikin Hajji ya gabato, hankalin hukumomi a Abuja kan karkata ga kuɗin kujera, farashin dala da rabon maniyyata tsakanin kamfanonin jiragen sama. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wane jami'i ne ya duba jirgin da idonsa kafin a zuba masa mutane?

Wanda tambayar ta fi shafa ba ya zaune a Abuja. Manomin shinkafa ne a Gashuwa, ko mai fataucin shanu da busasshen kifi a Nguru, wanda ya yi shekara da shekaru yana tara kuɗin kujera. Galibi tafiyar Makka ce hawansa jirgin sama na farko. A tashar mota yana iya zagaya motar Kano, ya dubi tayoyinta, ya ƙi shiga idan bai gamsu ba. A filin jirgi ba shi da wannan dama. Ransa na rataye ne da sa hannun wani ma'aikaci da bai taɓa gani ba.

Taya ce kuwa ta kashe alhazan Najeriya a Jidda ranar 11 ga Yuli, 1991. Jirgin ƙirar DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya da matuƙansa da makanikansa, zai kawo alhazai Sakkwato. Kwana huɗu kafin haɗarin an riga an gano cewa iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa. Ba a gyara ba, domin jigilar ta makara kuma jami'in kamfanin da ke kula da ita ba ya son ƙarin jinkiri. Masu bincike sun tarar an sauya alƙaluman iskar a takardar duba jirgin. Wato a rubuce dai jirgin lafiyarsa ƙalau.

Yana cikin gudun tashi tayoyi biyu suka fashe, wuta ta kama. Babu na'urar da za ta sanar da matuƙa cewa akwai wuta a ma'ajiyar tayoyi, don haka suka naɗe su, suka shigar da wutar cikin jirgin da hannunsu. Sun juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai titin sauka. Mutum 261 ne a ciki, fasinjoji 247 da ma'aikata 14, babu wanda ya tsira. Giɓi a ƙirar jirgi ya haɗu da gaggawar kamfani, kuma babu hukumar da ta shiga tsakani.

Kada a ɗauka cewa wannan matsalar tsofaffin jirage ce kawai. Boeing 737 MAX sabo ne fil lokacin da ya faɗi a Indonesiya a Oktoban 2018 da mutum 189, sannan a Habasha ranar 10 ga Maris, 2019 da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Kamfanin ya sanya wata manhaja mai suna MCAS da ke danna hancin jirgi ƙasa bisa bayanin na'ura guda ɗaya tak, bai kuma bayyana ta a littafin matuƙa ba. Hukumar FAA ta Amurka, wadda ƙasashe da dama ke dogaro da hatiminta, ta bar wa ma'aikatan Boeing wani babban ɓangare na aikin tantancewar. A Janairun 2021 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 kan tuhumar yaudarar hukumar. Idan an iya rufe idon FAA, ba hikima ba ce NCAA ta karɓi takardar wata ƙasa a kan jirgin haya ta buga mata hatimi, ta ce an gama.

Al'adar Najeriya kuwa ita ce tashi bayan jana'iza. Sai da jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 ya faɗa kan gidajen Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu, 2002, ya hallaka mutum sama da 100 har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku, sannan aka dakatar da irin wannan jirgi.

Wannan jarida na ganin gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Kowane jirgin da za a yi jigilar alhazai da shi, na gida ne ko na haya, sufetocin NCAA su duba shi da kansu, kuma su sake duba shi a tsakiyar jigilar dawowa, lokacin da jinkiri ya taru, alhazai suka ƙosa, kamfani ke lissafin asara. A irin wannan lokaci ne aka yi sakacin Jidda. Hukumar NAHCON kuma ta rubuta a kwangila cewa ba za a ci tarar kamfani ba kan jinkirin da makaniki ya jawo don gyara, kada tsoron tara ya sa a ɓoye lahani.

Sai batun da ya fi kusa da masu karanta wannan shafi. Babban kuɗin shigar NCAA daga kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti yake fitowa, kuma da shi ake horar da sufetoci. Duk wanda ke rubuta takardar yanke wannan kuɗi zuwa baitulmali ya san abin da yake ragewa. Haka nan hadimin da ke ɗaga waya ya kira filin jirgi domin ayarin jiharsu ya tashi yau ko ta halin ƙaƙa, ya sani cewa matsin da yake yi kan makaniki yake sauka.

Kafin jirgin farko na bana ya tashi, NCAA ta wallafa lambar kowane jirgi, shekarunsa, mamallakinsa da ranar da aka duba shi, da Hausa da Turanci, a kuma liƙa a ofisoshin alhazai na ƙananan hukumomi, har da na Bade da Nguru.